Kafin Ka Ɗora Sola a Kan Rufinka



Duk wanda ya kwana biyu bai zaga sabbin unguwannin bayan birnin Kano ba, in ya je yau ya ɗaga kai sama, zai ga abin da babu shi 'yan shekarun baya. Daga Rijiyar Zaki zuwa Danbare da Janguza, daga Mariri zuwa Wailari da Fanshekara, rufin kwano ya fara cika da baƙaƙen farantan sola. Wani gidan biyu, wani huɗu, wani an jera su sahu-sahu. Za ka ga gidan da ko filasta ba a yi masa ba, amma sola tana sama. A kan wannan za mu yi magana yau, kuma da kai nake, malam mai gida, kai da ka daɗe kana tara ɗan abin da ya samu don iyalinka su kwana da fanka.

Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waɗannan unguwanni awon igiya ne, gidaje sun riga wuta zuwa. Mazauna ne ke yin karo-karo su sayi turaku da waya, wani lokaci har tiransifoma, sannan su zauna jiran ranar da za a haɗa su. Da can janareta ke cike giɓin. To, ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai wajen naira 1,000. Janareta ya zama abin tayarwa sai da babban dalili. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Sauran rukunan kuwa alkawarinsu awa 16 ne, da 12, da 8, har zuwa awa 4. Sai kuma Oktoban 2024, lokacin da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, jihohin arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu sayar da ƙanƙara da teloli da masu walda ba za su manta da waɗannan kwanaki ba. Gidaje da yawa a lokacin ne suka yanke shawara.

Kuma shawara ce mai kyau, ina goyon bayanta da zuciya ɗaya. Hasken ranar da ke sauka a ƙasar Kano ya kusa ninka wanda Jamus take samu, alhali Jamus tana sahun gaba a duniya wajen amfani da sola. Farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, tun da masana'antun Sin suka karɓe sana'ar. Gwamnati ma ta gina tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Rana dai Allah ya ba mu ita a wadace.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yin aikin. Magidanci zai karɓi adashinsa, ko ya sayar da ɗan filinsa, ko ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, a haɗa masa sola, a yi murna. Kafin shekara ta zagayo, ƙarfe ɗayan dare inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar gida, ta fara kuka, fanka ta tsaya, yara sun tashi da gumi. Ya kira wanda ya haɗa, a ce batir ne ya mutu. Daga nan sai ka ji yana faɗa a majalisa cewa sola yaudara ce. Alhali tun a ranar ciniki aka yi kuskuren. Ya shiga shago, tambayar farko da aka yi masa ita ce, «Alhaji, nawa ka tanada?» Ya faɗa, aka haɗa masa kaya daidai kuɗinsa. Babu wanda ya tambaye shi me da me zai kunna, kuma awa nawa.

Wannan lissafi ba ya buƙatar digiri. Takarda da biro kawai yake so, da kuma uwargida, domin ita ce ke wuni a gidan, ita ta san abin da ake kunnawa bayan ka fita. Kowane kayan wuta akwai adadin wat ɗinsa a rubuce a jikinsa. Bari mu ɗauki misalin matsakaicin gida. Fankar sama tana cin wajen wat 70. In kana da huɗu, kowace tana juyawa awa 10, ka ninka: 2,800 ke nan. Ƙwan fitila takwas masu wat 10, awa 6, ya ba ka 480. Talabijin mai wat 80, awa 5, ya ba ka 400. Firji matsakaici yakan ci kamar 1,300 a yini da kwana. Cajin wayoyi ka sa 100. In ka tara, ya ɗan haura 5,000. Kowane 1,000 shi ne yunit ɗaya, irin wanda kake saye a mita. Gidan nan yana buƙatar yunit 5 kullum.

Ka lura da wani abu a lissafin nan: fiye da rabinsa fankoki ne suka cinye. Akwai fankoki na zamani da ke cin wat 30 ko ƙasa da haka. Wanda ya canza fankokinsa kafin ya sayi sola ya rage wa kansa faranti da batir, kuma kuɗin fanka bai kama ƙafar kuɗin batir ba.

Yanzu faranti nawa za su kawo yunit 5? Farantin da aka rubuta wa wat 500 ba ya ba da 500 daga hantsi har magariba. A ƙasarmu ana ƙiyasta masa kamar awa 5 zuwa 6 na cikakken ƙarfi a yini. Sannan adadin da aka rubuta an auna shi ne yayin da zafin farantin yake digiri 25. A watan Afrilu a Kano, iskar gari kanta tana kai digiri 40, farantin da ke kan kwano kuwa yana iya wuce 65, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana zaftare masa kusan sulusin kashi ɗaya cikin ɗari. Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke bayarwa, zafi ragewa yake yi. In ka cire wannan, ka cire ƙura, ka cire abin da ke salwanta a waya da inbata, farantin wat 500 zai ba ka yunit 2 ko ƙasa kaɗan. Uku za su riƙe gidan misalinmu da ƙyar. Huɗu ne kwanciyar hankali, saboda hazon hunturu da hadarin Agusta.

A batir ne kuɗi ke nutsewa, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Batir kamar tankin ruwa yake, rana ta cika shi, dare ya zuƙe. Bambancinsa da tanki shi ne batir mai ruwa, wanda ake kira tubula, ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. In kana son ya yi maka shekaru, rabinsa kawai za ka riƙa sha. Batir mai bolt 12 da am 200 yana ɗauke da yunit 2.4, naka a ciki 1.2 ne. Gidan da ke cin yunit 3 daga magariba zuwa asuba yana buƙatar irin wannan batir har huɗu in an haɗa su biyu-biyu. Sai a sayar wa mutum guda biyu, kullum dare su kwana a ƙasa, washegari kuma farantansa ba su isa su cika su ba. Batirin tubula da ke kwana ba caji yana yin gishiri a cikinsa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya mutu. Ga zafi kuma: masana batir sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. Wanda ya ajiye batir a kicin, ko a ɗan lungun da rana ke duka, ya rage masa kwana da hannunsa. Haka kuma ba a ajiye shi a ɗakin barci, domin yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, wuri mai shan iska yake so. Ruwansa yana ƙafewa, a riƙa dubawa ana ƙarawa, kuma da ruwan batir tatacce ake ƙarawa. Ruwan leda ko na rijiya kashe shi suke yi. Kada kuma a haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai ja sabon ƙasa.

Batirin litiyom ya fi tsada a ranar saye. Amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, ba ya neman ruwa, kuma mai kyau yana jure cikawa da zuƙewa sau dubbai. Guda ɗaya mai yunit 5 ya wadatar da gidan da muka yi misali da shi. Ra'ayina shi ne, wanda yake da hali ya daure ya sayi litiyom, ko da zai jinkirta aikin da wata uku. Wanda ba shi da hali kuma ya sayi tubula mai kyau ya rage kayan da yake kunnawa da dare. Abin da ba na so shi ne batirin gwanjo da aka goge aka manna wa sabuwar takarda. Araha ba ta ado. Tubula na am 200 na gaskiya ba ya gaza kilo 50, in ka ga yaro ɗaya ya sungume shi ba nishi, ka bar shi a shagon.

Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo, kuma a hannun uwargida take. Daga ƙarfe goman safe zuwa ukun yamma farantai suna kan ganiyarsu, sau da yawa batir ya riga ya cika, hasken da ke sauka asara kawai yake yi. A wannan lokaci ya kamata a yi guga, a tayar da injin burtsatse a cika tanki, a yi markaɗe, a bar firiza ta daskarar da ƙanƙara. Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye, hitar ruwa ta fi haka. Wanda ya yi gugar kayan makaranta da asuba, batirin da ya kwana yana aiki ne ya ƙarasa. Matan da ke sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a cikin gida su ne suka fi kowa cin moriyar wannan tsari, har solar ta riƙa mayar da kuɗinta. Sai dai a tuna, firiza da injin ruwa suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashi, don haka a faɗa wa mai haɗawa tun farko ya zaɓi inbatar da za ta iya ɗauka.

Mu hau rufi. Kano tana arewa da tsakiyar duniya da digiri 12, saboda haka faranti ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi da digiri 10 zuwa 15. In ka fuskanci gabas, hannun damanka ne kudu. Kada a kwantar da shi shamɓal, domin ƙura za ta zauna, ruwan sama kuma ba zai wanke ta ba. Kada a manna shi a jikin kwano, a bar tazara iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa tana sanyaya shi. Inuwa kuwa babbar matsala ce: farantan da aka haɗa a jere, in reshen darbejiya ko tankin ruwa ya rufe gefen guda ɗaya, duka jerin ne ke raguwa. A sabuwar unguwa akwai wata inuwar da ba a gani sai daga baya. Kangon da ke kudu da kai yau fili ne, baɗi mai shi zai iya tayar da bene. Ka yi la'akari da wannan kafin a huda maka kwano.

Hudar kwanon ma abin dubawa ce. Kwanon da ake rufi da shi yanzu siriri ne, katakon da ke ƙasa wani lokaci gara ta taɓa shi. Kowa ya san iskar farkon damina, yadda take yaye rufi a Mayu da Yuni. Farantin da aka ɗaure da wayar ɗauri ko aka kafa da ƙusa a kwano kaɗai zai tashi, ya faɗa gidan maƙwabci, Allah ya kiyaye ya faɗa kan mutum. Ƙarfen da ke riƙe shi dole ya kama katako ko ƙarfen rufin, a toshe kowace huda da kyau don kada silin ya fara yoyo. Kuma a bar hanyar da mutum zai taka ya wanke, domin a lokacin hunturu sati ɗaya ya isa ƙura ta lulluɓe gilashin. Da sassafe ko da yamma ake wankewa, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Zuba ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da tsakar rana yana iya tsaga shi. Don Allah kada a tura ƙananan yara wannan aiki.

Sai waya, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin nan ne ake taɓa rai. Kayan da ke cin wat 1,000 a wutar gida mai bolt 230 am 4 da ɗoriya kawai yake ja. Wannan wat 1,000 ɗin a gefen batir mai bolt 12 ya haura am 80. Waya siririya ba za ta ɗauki haka ba, zafi za ta yi, robarta ta narke. Ga kuma wayar da ake yi da alminiyom a shafa mata jan ƙarfe a sama, sai ka kankare ta kake gane ta. Wutar da ke fitowa daga faranti da batir ba irin ta Nefa ba ce, in ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, shi ya sa take da nata fis da nata birka na musamman. Dole a sa su tsakanin faranti da kwantirolar caji, da tsakanin batir da inbata. Dole a binne ƙarfe a ƙasa a haɗa kayan da shi, a sa na'urar kariya daga tsawa. Waɗannan ƙananan kaya su ne ake fara cirewa in mai gida ya matsa a rage masa kuɗi, alhali su ne ke tsakaninsa da gobara. Sannan makunnin da ke raba wutar sola da ta layi: in an haɗa shi ba daidai ba, wutar gidanka za ta iya komawa kan turke, ta kama ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a kashe yake. Shi ma yana da iyalin da ke jiransa.

Duk wannan ya dawo kan hannun da ya yi aikin. Haɗa sola sana'a ce da ta buɗe wa matasanmu ƙofa, kuma ina farin ciki da ganin yara suna cin abinci da ita. Akwai ƙwararru a cikinsu waɗanda aikinsu abin alfahari ne. Akwai kuma wanda ya bi ogansa 'yan kwanaki, ya ga yadda ake ɗaura ja da baƙi, ya buɗe nasa. Ga yadda za ka bambance su. Na kirki zai zo gidanka kafin ya faɗi farashi, ya zaga ɗakuna, ya hau rufi, ya tambayi me ake kunnawa. Zai rubuta maka sunan kowane kaya da girmansa da garantinsa. Zai yarda ya nuna maka gidan da ya haɗa shekara biyu da suka wuce, ka je ka tambayi mai gidan. In ka nemi a sa maka na'urar sanyaya ɗaki a kan batir biyu, zai ce maka ba zai yiwu ba, ko da kuwa cinikin zai wuce shi. Kai ma mai gida, in ya faɗa maka gaskiya, kada ka bar shi ka tafi wajen wanda zai ce maka komai zai ɗauka.

Hukumomi na da nasu rabon. Akwai NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da ba masu haɗa wuta shaidar ƙwarewa. Akwai SON mai kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da su yi amfani da wannan dama, su buɗe gajerun kwasa-kwasai masu sauƙin kuɗi a kwalejojin fasaha, a koyar da harshen Hausa, a ba wa yaran da ke kan rufin mutane shaidar da mai gida zai iya nema ya gani. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan sola su ma su san 'yan cikinsu, su riƙa hukunta mai sayar da jabu, tun da sunansu gaba ɗaya ne ke ɓaci.

Saura magana ɗaya, wadda ba a cika tunawa da ita ba a ranar ciniki. Duk batirin tubula da aka ɗora yau, nan da 'yan shekaru zai mutu, kuma cikinsa darma ce da ruwan asid. A yanzu 'yan gwangwan ne ke saye, wasu su fasa shi a cikin unguwa, su zubar da ruwan a kwata, su narka darmar a fili inda yara ke wasa. Mun ga abin da darma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinare. Wanda ba ta kashe ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa. Darmar batir ita ce dai wannan gubar. Tun a ranar saye ka tambayi mai shago ko zai karɓi tsohon in ya mutu ya rage maka kuɗin sabo, da yawansu suna karɓa. Kafin a zo ɗauka kuma, a ajiye shi a tsaye, a rufe, nesa da rijiya da wurin girki da hannun yara.